Sha-kauci biyu masu dogon bindi: na damina da na hunturu

Daga nan Kwatarkwashi nake magana, gindin dutse, ina gaida mutanen Gusau da Tsafe da Bunguɗu da duk inda muryar nan ta kai.

Wani bawan Allah daga cikin masu bin shirin ya turo min bidiyo na wasu tsuntsaye na ƙasar Ostareliya, waɗanda Turawa ke kira masu cin zuma, yana tambaya wai ko su ne 'yan tsuntsayen nan da ke zuwa kan zogalen gidansu da safe. To amsa a gajarce, ba su ba ne. Waɗancan dangi ne guda babba, sun kai kusan iri 190, kuma gidansu Ostareliya da Niyu Gini da tsibiran da ke can gefen. Ko ɗaya babu a Afirka. Haka kuma 'yan mitsil-mitsil ɗin nan na nahiyar Amurka da ake nunawa suna tsayawa cak a iska suna kaɗa fiffike, su ma wani dangi ne daban. Abin da ya haɗa su duka sana'a ce, shan ruwan zaƙin fure. Sana'a ɗaya takan sa mutane su yi kama, amma Bahaushe ya ce kama da wane ba ta wane. Namu na nan shi ne sha-kauci, kuma shi ma danginsa ba kaɗan ba ne, sun haura iri 140 tsakanin Afirka da kudancin Asiya.

Amma tambayar tasa ta buɗe min ƙofar abin da na daɗe ina son mu tattauna. A wanga yanki namu akwai sha-kauci iri biyu da namijinsu ke da dogon bindi, gashi biyu sirara da ke fita daga tsakiyar jela kamar an soka tsinke. Dukansu kore ne mai ƙyalli, dukansu ƙanana, dukansu a bishiya ɗaya za ka iya ganinsu. Shi ya sa mafi yawanmu muke ɗauka tsuntsu guda ne, wani lokaci ya fito da jan ƙirji, wani lokaci da rawayan ciki. Alhali biyu ne, kuma rayuwarsu ta saɓa ta wata hanya mai ban mamaki, wadda zan zo kanta.

Bari mu ba su suna don magana ta yi sauƙi. Na farko zan riƙa ce masa mai jan ƙirji, na biyu mai rawayan ciki. Wannan laƙabi ne nawa na cikin shiri. A littattafan masana kuwa, na farko sunansa Cinnyris pulchellus, wanda masanin nan Linnaeus ɗan ƙasar Suwidin ya rubuta a 1766, kuma kalmar ta biyu da Latinanci tana nufin ɗan kyakkyawa. Na biyu Hedydipna platura, wani Bafaranshe mai suna Vieillot ya rubuta shi a 1819. Shi kuma sunan nasa daga Girkanci ne, kalmar farko na nufin abinci mai zaƙi, ta biyu mai faɗin jela. Wanda ya ci karo da tsohon littafi zai ga an rubuta na farko Nectarinia pulchella, na biyu Anthreptes platurus. Kada ya ruɗe, su ɗin ne dai, masana ne suka sake musu gida.

To mu fara da girma. Jikin kowannensu, ban da bindin, santimita 9 zuwa 10 ne ko ɗan sama da haka, wato kamar baiwar Allah da ke tsince-tsince a tsakar gida, sai dai sun fi ta siranta. Nauyi kuwa, ka ɗauki dunƙulen Maggi biyu a tafin hannu, to ka ɗauki mai jan ƙirji. Mai rawayan ciki ma bai cika kaiwa haka ba, giram 6 zuwa 7 ne. Abin da ke sa su yi tsawo a ido bindin ne. Na mai jan ƙirji yakan ƙara kamar santimita 5 zuwa 6, na mai rawayan ciki ya fi haka, har yakan kusa tsawon jikinsa gaba ɗaya, kuma in ka samu ka gan shi kusa za ka lura bakin gashin ya ɗan buɗe kamar ƙaramin cokali. Ƙaramin shi ya fi dogon bindi, ka ji ikon Allah.

Kada a haɗa su da zalaiɗu. Zalaiɗu mai cin tsaba ne, bakinsa gajere mai kauri, bindinsa kuma yana lilo kamar tsumma. Na sha-kauci a miƙe yake.

Yanzu launi. Namijin mai jan ƙirji in ya yi cikakken ado, daga kai har gadon baya har ciki kore ne mai walƙiya, sai a tsakiyar ƙirji a ɗiga masa ja jawur, a kewaye jan da rawaya ta gefe da gefe. Kamar mutum ya sa koriyar shadda ya rataya jan kambu. Namijin mai rawayan ciki shi ma kansa da maƙogwaro da baya kore ne, da ɗan ruwan tagulla a ciki, wajen gindin jela kuma yana ɗaukar shuɗi-shuɗi mai ruwan tsamiyar biri. Amma daga inda maƙogwaro ya ƙare, ƙirji da ciki duka rawaya ne tas, kamar ƙwanduwar ƙwai, babu ɗigon ja ko ɗaya. Wato in ka ga ja, na farko ne. In ka ga ciki rawaya fal, na biyu ne.

Sai dai a nan akwai abin da ke yaudarar ido, kuma ina so a gane dalilinsa. Koren nan nasu ba rini ba ne da ke cikin gashin. Gashin yana da wasu shimfiɗu sirara ƙwarai, ɗaya kan ɗaya, su ke karya hasken rana su maido da kore, kamar yadda kake ganin launuka a bayan faifan CD ko a saman ruwan da fetur ya zuba. Shi ya sa in tsuntsun ya shiga inuwa, ko ya tsaya tsakaninka da rana, sai ka gan shi baƙi ƙirin. Ya ɗan juya wuya, sai kore ya tashi kamar an kunna fitila. Ja da rawayan kuwa launi ne na gaske, daga abinci jikinsu ke samo shi, don haka ba sa ɓacewa da juyin haske. Saboda haka in kana son tantancewa, ka sa rana a bayanka, kuma ka dubi ƙirji da ciki, ka rabu da baya.

Amma ni in ka tambaye ni alama guda da ba ta ƙarya, zan ce maka baki. Ado yana zuwa yana tafiya, baki yana nan shekara duka, ga mace ga namiji. Bakin mai jan ƙirji dogo ne siriri, ya lanƙwasa ƙasa kamar lauje ko basillar baduku. Na mai rawayan ciki gajere ne, lanƙwasarsa kaɗan ce, har in ka ga macen ba za ka ce sha-kauci ba ce, sai ka ɗauka wata 'yar tsuntsuwar ciyawa ce. Matan nasu kuwa, Allah Sarki, ba su da ado ko kaɗan. Dukansu bayansu toka-toka ne mai ruwan ƙasa, cikinsu rawaya mai haske, babu dogon bindi. In ba ta baki ba, ko wanda ya daɗe yana kallon tsuntsaye sai ya tsaya ya sake dubawa.

Wannan bambancin baki ba na ado ba ne, shi ke raba musu akushi. Harshen sha-kauci dogo ne, a naɗe yake kamar bututu, ƙarshensa a tsage, da shi yake zuƙo ruwan zaƙi. Masu cin zuman Ostareliya da aka tambaya, nasu harshen bakinsa kamar burushi yake, lasa suke yi. To mai dogon baki yana iya kaiwa gindin fure mai zurfi, irin furen kauci da na minjirya da na kabar giwa. Mai gajeren baki ya fi sakewa a kan fure mai buɗaɗɗen fuska, irin na bagaruwa da gawo da farar ƙaya da aduwa, inda zaƙin ke kusa kuma ƙananan ƙwari suka yi dandazo. Ban ce kowa ba ya taɓa na wani ba. Zogale dai kowa nasa ne, haka tumfafiya. Kuma in fure ya fi ƙarfin bakin tsuntsu, akwai dabarar da dangin nan suka iya, sai ya huda furen ta gindi ya sha abinsa ta taga, bai bi ta ƙofa ba. Wannan sata ce tsagwaronta, don furen bai samu ladan barbara ba.

Yawwa, ga inda na ce zan zo. Lokacin aure.

Kusan duk ƙananan tsuntsayenmu da damina suke sheƙa, saboda lokacin ne ƙwari da tsutsa suka yawaita, ga ganye na ɓuya. Mai jan ƙirji yana bin wannan al'ada. Da bazara ta yi nisa, hadari ya fara haɗuwa, sai namijin ya sake gashi ya fito da cikakken ado, ya kama bishiya guda yana ta kuka yana korar duk wani namiji da ya matso. Daga wajen Yuni har zuwa Oktoba, lokacinsa ne. Har ma sukan bi ruwa su yi arewa, shi ya sa da damina suke ƙara yawa a ƙasashen da suka fi mu bushewa. In kaka ta wuce, sai namijin ya tuɓe. Jan nan ya tafi, jiki ya koma kusan irin na mace, sai ɗan kore da ya rage a kafaɗa da gindin jela, kuma sau da yawa dogon bindin yana nan.

Mai rawayan ciki kuwa sai ya juya lissafin gaba ɗaya. Shi da rani yake aure. Lokacin da aka gama girbi, iskar hunturu ta taso, ƙura ta rufe dutsen nan har ba ka ganin ƙololuwarsa sosai, leɓe na tsagewa, to lokacin ne shi yake fitowa fes da rawayan cikinsa da dogon bindinsa. Daga wajen Nuwamba da Disamba har cikin Maris da Afrilu yana cikin hidimar sheƙa. Tafiyarsa ma haka take, da rani yakan gangaro kudu ya bazu cikin dazuzzukan Arewacin Najeriya har tsakiyar ƙasar ya hayayyafa, in ruwa ya sauka da yawansu su koma arewa wajen bakin Sahel. Kuma kafin ya tafi yakan zubar da bindin da koren, ya koma kamar macensa. Mu da muke wajen digiri 12 arewa da tsakiyar duniya, muna kan hanyar kowa, don haka akwai watannin da za ka ga duka biyun a gari ɗaya. Sai dai da wuya ka same su duka cikin cikakken ado a lokaci guda, in ba a ɗan tsakanin nan na canjin yanayi ba.

Kun ga inda ruɗanin ya samo asali ke nan. Mutum ya ga mai dogon bindi da jan ƙirji a watan Agusta, ya dawo a Janairu ya ga mai dogon bindi da rawayan ciki a kan bishiyar nan dai, dole ya ce ai riga ya canza. Alhali mai gida ne ya tuɓe ya koma gefe, baƙo ya shigo da tasa kwalliyar.

To me zai sa tsuntsu ya zaɓi rani, lokacin da ƙasa ta bushe ƙayau? Ku ɗaga kai ku dubi itatuwa, amsar tana can. Mu manoma idonmu na ƙasa, in ciyawa ta bushe sai mu ce komai ya mutu. Amma manyan itatuwanmu da yawa da rani suke fure. Gawo shi ne sarkin masu saɓa wa jama'a, da damina ya kaɗe ganye ya tsaya tsirara, da kaka ya yi ganye ya yi fure. Bagaruwa tana fure har cikin rani. Gurjiya takan fitar da jan furenta tana ba ganye ko ɗaya, cikin sanyi. Rimi haka, minjirya haka, ɗorawa kuma ta sako tutunta wajen Fabrairu da Maris. Kowane fure da ƙwarinsa. Kuma a nan ne abin yake, don 'ya'yan sha-kauci ba da ruwan zaƙi ake rainonsu ba. Zaƙi mai ne na tashi, amma tsoka da gashi sai da nama, wato ƙananan ƙwari da tsutsotsi da gizo-gizo. Gawo guda mai fure a watan Disamba kasuwa ce cikakkiya ga tsuntsu mai giram 6. A nawa ganin, mai rawayan ciki ya yi irin dabarar mai noman rani ne, ya bar damina ga masu yawa, ya kama lokacin da kasuwar ba cunkoso. Ni dai tsakanin su biyun shi ya fi burge ni, duk da cewa ɗan'uwansa ya fi shi kyau nesa ba kusa ba.

Sheƙarsu kusan iri ɗaya ce, kuma wallahi abin kallo ce. Ba irin buɗaɗɗen faifan da kurciya ke yi ba ne. 'Yar jaka ce rufaffiya, kamar ƙaramin zabira, a rataye a reshe, da ƙofa a gefe ta sama, wani lokaci har da 'yar rumfa a kan ƙofar. Ana haɗa ta da siraran ciyayi da ɓawo da busasshen ganye, a ɗaure da saƙar gizo-gizo, a shimfiɗe ciki da abu mai laushi irin audugar rimi ko ta tumfafiya ko gashi. Daga nesa sai ka ce tarkace ne iska ta maƙala. Macen ce ke mafi yawan ginin, ita ke kwanci, ƙwai ɗaya ko biyu, kwana 14 ko kusa da haka su ƙyanƙyashe. Namiji aikinsa gadi da faɗa, sai in 'ya'ya sun fito ya taya kawo abinci. Mai rawayan ciki ya fi son ya rataya tasa cikin itace mai ƙaya, aduwa ko bagaruwa, kuma da dalili, don da rani babu ganyen da zai ɓoye shi, ƙaya ce katangarsa.

Akwai na uku da ya kamata in ambata don kada ya shiga tsakani. Shi ma sha-kauci ne, ya fi waɗannan girma, jikinsa baƙi-baƙi kamar karammiski, ƙirjinsa ja mai faɗi, goshinsa kore, amma ba shi da dogon bindi. Masana na ce masa Chalcomitra senegalensis. Shi ne mai cin zalin sauran a kan zogale. Sannan alhazanmu, wanda Allah ya kai shi kudu maso yammacin Saudiyya, ko Masar ko Sudan, zai iya ganin wani kamar mai rawayan cikinmu sak, sai dai da ɗan zobe mai ruwan shuɗi tsakanin koren maƙogwaro da rawayan ƙirji. Wannan shi ne ɗan'uwansa na jini mafi kusa, Hedydipna metallica, har a da wasu masana suna lissafa su iri ɗaya.

Yanzu mu zo kan sunan, sha-kauci. Duk wanda ya ba tsuntsun nan suna ya zauna ya kalle shi da kyau. Kauci dai kun san shi, tsiron nan da ke fitowa a kan reshen wata bishiya, ba shi da saiwa a ƙasa, sai ya kafa gindinsa cikin reshen yana shan ruwanta. Yana kama kaɗanya da ɗorawa da bagaruwa da lemu da sauransu, masu maganin gargajiya kuma kowane kauci da sunan uwar ɗakinsa suke kiransa. Furensa kamar tsinken ashana yake, dogo ja da ɗan kai. Abin da mutane da yawa ba su sani ba, furen nan a rufe yake zama yana jiran tsuntsu. In ya nuna, kan nasa yakan canza launi, alama ke nan. Sha-kauci ya zo ya taɓa kan da baki, sai ya buɗe. Ya zura baki ciki neman zaƙi, sai bututun ya tsage, 'yan sandunan da ke ɗauke da garin fure su fyaɗo kamar tarko su bule masa goshi. Ya tashi ya je fure na gaba, ya kai garin. Barbara ta auku ke nan, sai 'ya'ya. A wannan aiki mai dogon baki ya fi ƙwarewa.

Wani manomi zai ce, af, ashe shi ne ke jawo min kauci a kan lemuna. To a yi adalci. Hannunsa na ciki, tunda ba don shi ba kaucin ba zai yi 'ya'ya da yawa ba. Amma mai shukawar wani ne. Akwai wani ɗan tsuntsu mai gajeren baki da ɗigon rawaya a goshi, wanda ke zama cikin ganye da tsakar rana yana tonk, tonk, tonk, ba ya gajiya, kamar maƙeri na dukan uwar maƙera daga nesa. Shi da irinsa ke haɗiye 'ya'yan kauci, su amayo ƙwallon mai danƙo, su goge baki a reshe. Nan ƙwallon zai manne ya tsira. Kuma ko shi ɗin, kashe shi ba ya maganin komai, don wani zai zo. Maganin kauci a gona shi ne a sare reshen da ya kama, a ɗan ƙasa da inda ya kumbura, tun bai yi 'ya'ya ba. In ka fizge kaucin kawai ka bar kumburin, zai sake tohowa. Shi kuwa sha-kauci, yinin da ya yi a lambunka yana tsince ƙananan ƙwari ya biya kuɗin zaƙin da ya sha.

A lissafin ƙungiyar kare halittu ta duniya, IUCN, duka biyun ba sa cikin waɗanda ake fargabar ƙarewarsu. Alhamdu lillahi. Amma mu mutanen Kwatarkwashi bai kamata irin wannan magana ta sa mu barci ba. Garin nan da maiki aka san shi. Dutsen nan yana cikin littattafan masana tsuntsayen Najeriya, da sunan Kotorkoshi, a matsayin wurin da maiki ke sheƙa, kuma bikin kamun maiki yana cikin abin da ya fitar da sunan garin. Yau yaro ɗan shekara 15 a nan, tambaye shi ko ya taɓa ganin maiki da idonsa. A 2015 IUCN ta sa irin wannan maiki cikin jerin waɗanda ke bakin ƙarewa. Tsuntsu mai fiffike sama da mita 2 ke nan, wanda kakanninmu suka ɗauka ba zai taɓa ƙarewa ba.

Abin da zai rage sha-kauci a wurinmu ba wani abu ne mai nisa ba. Ku dubi buhunan gawayi da lodin itace a bakin titin nan daga Tsafe zuwa Gusau. Kowane gawo da aka sare, an rufe wa mai rawayan ciki kasuwarsa ta hunturu, kuma gonar ma ta yi asarar takin da ganyen gawo ke zuba mata, dabbobi sun rasa 'ya'yansa. Na san halin da ake ciki, gas ya yi tsada, kananzir ba a magana, mutane da yawa an raba su da gonakinsu, dole a dafa abinci. Ba zan zauna a nan in zagi mai saran itace ba. Amma akwai bambanci tsakanin sassabe reshe da kwantar da uwar bishiya. Na biyu shi ne feshin maganin ƙwari a lambu lokacin da itace ke cikin fure, da safe, daidai lokacin da tsuntsu da ƙudan zuma ke kai. In feshin ya zama dole, a bari sai yamma liƙis, kuma a kauce wa furen. Na uku kuma 'yan ƙannenmu masu danƙon harbi. Don Allah iyaye a yi musu magana. Tsuntsun da duk jikinsa bai wuce Maggi biyu ba, in an fige shi me ya rage? Ko loma guda babu. In kuma macen aka harbe tana kiwo, an kashe uku ke nan.

Mai son ya gan su ba sai ya shiga daji ba, kuma ni ba zan ba kowa shawarar ya shiga ba a wanga hali da muke ciki. Kada ma wani ya rataya madubin hangen nesa ya nufi bayan gari, a yi masa wata fassara. Tsakar gida ta isa. In akwai zogale mai fure, ko lemu, ko gwanda, ka zauna bayan sallar asuba da rana ta ɗan ɗaga, ka ba gabas baya, ka yi shiru minti 15. Kunnenka zai riga idonka, wani ɗan kuka siriri mai sauri, tsit-tsit, sannan ka ga reshe na motsi. Ba sa tsayawa a iska sai jefi-jefi, kama reshe suke yi, wani lokaci a kife. Ka dubi baki tukuna, sannan ciki, sannan bindi. Da bazara kuma a ajiye kasko da ɗan ruwa marar zurfi a inuwa, inda kyanwa ba za ta laɓe ba.

Masu babbar waya, akwai aikin da za ku iya shiga. Cibiyar binciken tsuntsaye ta APLORI da ke Laminga kusa da Jos tana jagorantar aikin taswirar tsuntsayen Najeriya, inda mutane na gari ke rubuta abin da suka gani ta manhajar BirdLasser. An yanka ƙasar gida-gida, kowane gida kamar kilomita 9 ta kowane gefe, kuma yankinmu na cikin wuraren da bayanai suka yi ƙaranci. Wanda ya rubuta ranar da ya fara ganin mai rawayan ciki da cikakken bindi a Bunguɗu, da ranar da ya daina ganinsa, shekara biyu ko uku a jere, ya riƙe ilimin da masana ke nema.

Sannan ina da roƙo ga dattawa, musamman tsofaffin mafarauta da makiyaya da masu ɗaura amya. Sunan sha-kauci ya haɗe su duka, amma Hausa ba ta rowar suna, kuma kowane gari da bakinsa. In a garinku akwai sunan da ake kiran mai jan ƙirji daban da mai rawayan ciki, ko Fulani na da nasu, a tambayo mana a rubuta a ƙasan wannan rubutu, tare da sunan garin. Zan karanto su a shiri na gaba in Allah ya kai mu.